Rage Shurin Bindiga ga Yara Mafarautan Talotalo: Kundin Aiki, Fabrairu zuwa Afrilu 2025

Asabar, 1 ga Fabrairu 2025

Aikin shi ne shirya bindigogi biyu da yara uku za su fita da su a ranakun da jihar Missouri ta Amurka ta ware wa yara don farautar talotalon daji, wato 12 da 13 ga Afrilu, kafin a buɗe wa manya ranar 21. Dokar jihar ta amince wa ɗan shekara 6 zuwa 15, ta hana ƙwayar harsashi da ta fi lamba 4 girma (gwargwadon girman lamba, gwargwadon ƙanƙantar ƙwaya), ta kuma hana bindigar da ke ɗaukar harsashi fiye da uku.

Yaran su ne: ɗan shekara 9 mai nauyin fam 65, 'yar shekara 11 mai fam 80, da ɗan shekara 13 mai fam 105. Bindiga ta farko geji 20 ce (geji ma'aunin faɗin bututu ne, na 20 ya fi na 12 ƙanƙanta) ta famfo, wadda ake jan hannunta baya a tura gaba don sauya harsashi, bututunta inci 22, a sikeli fam 6 cif. Ta biyu .410 ce, mai bututun da ya fi na geji 20 ƙanƙanta, ana buɗe ta a tsakiya don ɗura ta, harsashi ɗaya take ci, nauyinta fam 5.

Talotalon daji ba kamar na gida ba ne. Namiji ya kan kai fam 20, gashinsa da fukafukansa kamar sulke, don haka ba a harbinsa a jiki, sai kai da wuya, wurin da bai fi kwan fitila da mariƙinsa ba. Wannan ne ya sa harsashin talotalo ya fi duk na tsuntsaye nauyi, shi ne kuma tushen matsalar. Kamfanoni sukan rage wa bindigar yara tsawo da nauyi domin yaro ya iya ɗauka, sai a kawo harsashin manya a ɗura mata. Bindiga mara nauyi da harsashi mai nauyi, kafaɗar yaro ce ke biyan kuɗin.

Yau babu harbi. An auna, an rubuta, an share bututu.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Lissafi kafin a taɓa zarto. Shuri ba ya buƙatar zato, ana iya fitar da shi a takarda. A haɗa nauyin ƙwayoyi da na kofin robar da ke riƙe su, a ninka da gudun fita. A ƙara nauyin albarushi wanda aka ninka da gudun sau ɗaya da rabi, saboda iskar da ke bin ƙwayoyi ta fi su sauri. A raba da nauyin bindiga, an sami gudun da za ta dawo da shi. Daga nan ƙarfin shuri a ma'aunin fam-ƙafa shi ne nauyin bindiga sau gudun sau gudun, a raba da 64.35. Fam-ƙafa ɗaya kusan jul 1.36 ne. Nauyin kofi da albarushi ƙiyasi aka yi, don kamfani ba ya rubuta su a kwali, amma kuskuren da zai shigo daga nan bai kai ya sauya hukunci ba.

Ga abin da ya fito a geji 20 mai fam 6. Harsashin dalma na inci 3, oza 1 da kwata, mai gudun ƙafa 1,185 a daƙiƙa, ya ba da kusan 29. Na tangistin, ƙarfen da ya fi dalma nauyi, oza 1 da rabi mai gudun 1,100 ya ba da 35. Oza 1 da kwata ɗin nan idan aka sauko da gudunsa zuwa 1,000, sai ya koma 20. Oza 1 da ɗaya bisa takwas a gudun 1,000 ya ba da ƙasa da 17. Harsashin atisaye na oza bakwai bisa takwas mai gudun 1,200 bai kai 15 ba, irinsa mai laushi na gudun 980 kuwa 9 da rabi. Ita .410 mai fam 5, da tangistin oza 13 bisa 16 a gudun 1,100, ta ba da 12. Don a ga tazara, geji 12 mai fam 7 da rabi da harsashin inci 3 da rabi na oza 2 a gudun 1,300 tana kai wa 70.

Abin lura a nan shi ne inda riba ta fi yawa. Ƙara fam ɗaya a bindiga mai fam 6 yana rage kashi 14 cikin 100 ne. Rage gudu daga 1,185 zuwa 1,000 ba tare da an cire ƙwaya ko ɗaya ba ya rage kusan kashi 30. Dalili kuwa, nauyin bindiga sau ɗaya yake shiga lissafin, abin da ke fita daga baki kuma sau biyu. Saboda haka harsashi ne farko, nauyi na biyu, daidaita ƙota da jikin yaro na uku. Robar gindi, wadda kowa ke fara saya, ita ce ta huɗu: ba ta rage ko fam-ƙafa ɗaya, lokacin bugun kawai take miƙarwa.

Iyakar da aka sa wa aikin: kada harsashin farauta ya wuce 15, na atisaye kada ya wuce 10.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Awon yara. Tsawon ƙota daga kunama zuwa tsakiyar gindi a bindigar manya inci 14 ne zuwa 14 da rabi. Geji 20 ɗin nan ta zo da 13. Tsohuwar dabarar ɗora gindi a gwiwar hannu a ga ko yatsa ya kai kunama ba ta isa ba, domin ba ta san tsawon wuya ba. Abin da aka bi: yaro ya sa rigar sanyi da falmaran da zai sa ranar farauta, ya zauna a ƙasa, ya ɗora bindigar da aka tabbatar babu harsashi, a duba tsakanin hancinsa da babban yatsan hannun da ke riƙe ƙota. Faɗin yatsu biyu ake nema, kusan inci ɗaya da rabi. Idan ya gaza haka, yatsa zai daki hanci lokacin shuri. Idan ya wuce, gindi zai zame daga lungun kafaɗa ya koma kan dantse, yaron kuma ya jingina baya don ya ɗauki nauyin, wanda shi ne mafi munin zama ga mai harbi.

Ɗan shekara 13 ya dace da inci 13. Yarinyar 12 take so. Ƙaramin 11 da rabi, an ba shi .410. Za a yanke ƙotar geji 20 zuwa 12, a yi mata faranti na inci ɗaya da za a riƙa sakawa idan babban yaron zai harba.

An kuma gwada ido. Yarinyar da hannun dama take rubutu, amma idonta na hagu ne ke jagora. An mai da ita kafaɗar hagu tun yanzu da ba ta saba da komai ba. Makullin kariya na wannan bindiga a saman baya yake, kowane hannu na kai wa, ba sai an sauya ba.

Lahadi, 23 ga Fabrairu

Yanka da sa roba. Robar da aka saya irin wadda ake gogewa ce har ta dace, kaurin inci ɗaya, ƙaramin lamba. LimbSaver da Kick-EEZ da Pachmayr Decelerator duk suna yin irinta. Ƙaramin lamba yana da muhimmanci, don akwai faranti mai tauri a cikin robar. Wanda ya sayi babba ya goge ta da yawa zai tarar da farantin ko ramin iska ya leƙo.

An naɗe wurin yanka da salatif na takarda ninki biyu don kada gefe ya tsattsage, aka yi layi daidai da kusurwar tsohon gindi. Kusurwar nan ba ado ba ce. Idan ƙasan gindi ya fi samansa tsawo, ƙasan zai soki ƙirji, saman ya rabu da kafaɗa, ƙota ta yi sama ta mari kunci. An ɗora ƙota a kan zarton kusurwa mai ƙananan haƙora, aka tallafe ta da 'yan katakai har layin tsakiyarta ya kwanta daidai da teburi, aka yanka a hankali.

Matsalar da ta fito: ƙotar roba ce mai rami a ciki, ginshiƙan da sukurori ke kamawa kuma a inci ɗayan ƙarshe suke, sun tafi tare da abin da aka yanke. Babu inda sabuwar roba za ta kama. Magani shi ne katako mai tauri kaurin inci ɗaya, a sassaƙa shi ya shiga ramin, a kankare cikin ƙotar da sanfefa mai lamba 60 domin gam ba ya son roba mai santsi, a huda ƙananan ramuka huɗu a gefe don gam ya shiga ya zama kamar ƙusa, a manna da gam mai haɗi biyu, a bar shi awa 24. An bar rami a tsakiyar katakon saboda dogon notin da ke riƙe ƙota da gangar ƙarfe, da kuma nauyin da za a zuba.

Robar ta kwana a firiza. Mai laushi irin wannan idan da ɗumi aka kai ta kan injin goge, ja take yi tana yayyagewa. An zana siffar ƙota a bayanta, aka goge da lamba 80, sannan 120, aka gama da hannu da 220. Layin ƙasa ya bi gangaren ƙota, ba a yanke shi a miƙe ba. An ɗan zagaye saman robar don kada ta kama riga wajen ɗorawa. Wajen ɗaurewa, sukundireba mai zagayayyen jiki aka shafa wa ruwan sabulu. Mai kusurwa yana yaga bakin ramin.

Asabar, 1 ga Maris

Nauyi. Ƙwayoyin dalma lamba 8, oza 12, a cikin leda mai kauri ninki biyu, a cikin safa, an ɗaure baki da zare. Da safar hannu aka yi aikin, yara ba su taɓa ba. An tura safar cikin ƙota, an mai da roba.

Harbi uku da babban mutum ya yi sun nuna kuskure. Ana jin wani bugu na biyu a cikin ƙotar. An bar wa safar fili kusan rabin inci, to idan bindiga ta yi baya nauyin ya kan tsaya a inda yake, sai gaban ramin ya zo ya same shi. Nauyin da ba ya tafiya tare da bindiga tun farkon motsi bai cika aikinsa ba, kuma a hankali zai kwance notin ƙota. An fito da ita, an cusa soso mai tauri a gaba da baya har sai da aka danna da ƙarfi kafin roba ta zauna. Bugun ya ɓace.

Akwai bututun ƙarfe mai ruwan zaiba a ciki da ake sayarwa don wannan aiki. Yawancin amfaninsa nauyinsa ne, kuma safar dalma ta yi wannan a kuɗi kaɗan.

Da oza 12 da saitin da za a ɗora da madaurinsa, bindiga za ta kai fam 7. A lissafi, harsashin oza 1 da ɗaya bisa takwas ya sauko zuwa 14, na atisaye mai laushi zuwa 8. An shiga cikin iyaka. Ƙarin nauyi ba zai dami yaro ba, domin babba ne zai ɗauki bindiga zuwa daji, a can kuma a kan abin tallafi mai ƙafa uku za ta zauna. An zuba wa .410 oza 8 ta wannan hanya. Da saitinta za ta kusa fam 6, shurinta ya sauko wajen 10.

An yi magana a kan sayen bindiga mai sarrafa kanta da iskar harbi, irin su Mossberg SA-20 ko Beretta A300. Gaskiya ne tana rarraba bugu ya zama turi, kuma ga wanda bai sayi bindiga ba tukuna ita ce shawara. Amma harsashin gudun 980 ba kullum yake iya juya irinta ba. Masu aiki da ƙarfin shurin kansa, irin tsarin Benelli, su kuma shurin suke buƙata, ƙara musu nauyi na iya hana su fitar da kwanso. An bar maganar. An kuma ƙi huda bututu da faɗaɗa mazurarin gaban ɗakin harsashi: ribar kaɗan ce, hudar kuma ƙara take ƙarawa.

Asabar, 8 ga Maris

Saitin jan ɗigo, wato ƙaramin gilashi mai nuna jan ɗigo a inda za a harba, a kan duka biyun. An zaɓe shi a kan madubi mai kusanto da abu, don shi ba ruwansa da nisan ido; madubi kuwa idan yaro ya matso da fuska, gefensa na iya tsaga gira. Ɗigon kuma yana yafe wa wanda kansa bai zauna daidai ba.

Sukurori huɗu na madauri, an goge mai, an ɗiga gam ɗin zare mai launin shuɗi, ba ja ba, domin ja sai da wuta yake kwancewa. Bayan an ɗaure, famfo ya ƙi ja. Sukuru ɗaya daga na gaba ya fi ramin tsawo, ya leƙa ciki ya danne sakata. An fito da shi, an rage zare biyu da magogi, an mai da shi. Duk wanda ya ɗaura madauri ya ja famfo bayan kowane sukuru ɗaya, zai gane mai laifin nan take.

Sai babbar matsalar. Saiti ya ɗaga layin gani kusan inci ɗaya sama da bututu. Fuskar yaro ƙarama ce, tsakanin ƙashin kunci da ido gajere, don haka yarinyar sai ta ɗaga kai daga ƙota kafin ta ga ɗigo. Kuncin da ya manne da ƙota tare suke tafiya, wanda ya bar rata kuwa mari yake sha. Yawancin yaran da ke cewa bindiga ta buge su, idan aka tambaye su ina, kunci suke nunawa, ba kafaɗa ba. An ɗora soso mai tauri a doron ƙota, kaɗan-kaɗan, ana ƙarawa ana gwadawa: yaro ya rufe ido, ya ɗora bindiga, ya kwantar da kunci, ya buɗe. Idan ɗigo na tsakiyar gilashi, an samu. Yarinyar rabin inci, ƙaramin a .410 inci biyar bisa takwas. An rufe soson da rigar ƙota mai santsi, saboda soso tsirara yana jan fatar kunci.

Asabar, 15 ga Maris

Gwajin watsuwar ƙwayoyi. Babba ne ya yi shi duka, yara ba su zo ba. Babu dalilin da zai sa yaro ya sha shurin harbi goma sha don a san inda bindiga ke kai wa. An yi amfani da teburi da buhun yashi, da wani ƙaramin buhu tsakanin gindi da kafaɗa. Karagar ƙarfe ta ɗora bindiga da ake loda wa nauyi don ta shanye shuri ba a loda mata komai ba: idan bindiga ta rasa inda za ta ja baya, ƙota da saiti ne ke shan bugun, inda ƙwayoyi ke sauka kuma ya bambanta da na kafaɗa.

An fara da harsashin atisaye a yadi 15 don a kawo ɗigo kusa, tangistin na da tsada, ya kan kai dala goma kowane ɗaya, biyar ne a kwali. Sannan aka koma yadi 30 da 40 da takarda mai faɗin ƙafa uku, sabuwa ga kowane harbi. A nemo inda ƙwayoyi suka fi taruwa, a zana da'ira mai faɗin inci 10, a ƙirga. Mafarauta sun saba ɗaukar 100 a cikin da'irar a matsayin ma'auni. Nisan da aka kasa samun haka, ya wuce iyakar bindigar.

Abin da ya sa ƙaramin harsashi ke wadatarwa yanzu shi ne nauyin ƙarfen. Dalma giram 11 da 'yan kai ne a kowane santimita kubik, tangistin na harsashin da ake kira TSS kuwa 18. Don haka ƙwayar tangistin lamba 9 tana shiga nama kusan kamar dalma lamba 5, ga ta kusan 360 a oza ɗaya, lamba 5 na dalma kuwa 170. Harsashin .410 na oza 13 bisa 16 yana ɗauke da kusan 295, ya fi geji 20 mai oza 1 da kwata na dalma lamba 5, wanda ke da kusan 210. Na geji 20 da aka zaɓa, oza 1 da ɗaya bisa takwas, ya haura 400. Tun da Federal ta fito da shi a kasuwa a 2018 .410 ta zama bindigar talotalo da gaske.

Duka biyun sun wuce 100 a yadi 40, geji 20 da rata mai yawa. Matsalar a kusa take. Da zoben matse baki na inci .555, a yadi 15 ƙwayoyin geji 20 duk sun shige rami ɗaya da bai fi lemu ba. Yaron da zuciyarsa ke bugawa, tsuntsu na kaɗa kai, zai kuskure da irin wannan. An sauya zuwa .575, wanda aka rubuta ya dace da tangistin. Taron ya buɗe, a yadi 30 har yanzu ya fi ƙarfin ma'auni. Tunda iyakar da aka sa wa yara yadi 30 ce, mutum-mutumin talotalo kuma a yadi 20 za a kafa, wannan ya fi. Zoben ba mai huda ba ne.

Wani abu: bayan harbi bakwai ko takwas taron ya fara warwatsewa. Roba daga kofin harsashi ce ta shafe cikin bututu da zobe. Burushin tagulla da ruwan wanki suka gyara. Za a fita farauta da bututu a share, a bushe, kamar yadda aka yi saitin ƙarshe.

Asabar, 22 ga Maris

Ranar farko ta yara. Kunne aka fara gyarawa. Ƙarar bindigar farauta tana wuce desibel 150, abin da ya haura 140 kuma na iya lalata ji a bugu ɗaya. Gajeren bututu ya kawo ƙarar kusa da fuska. Rabin abin da yaro ke kira shuri ƙara ce. Kowa ya sa soson kunne ƙaramin lamba, a murza shi, a ja kunne sama, a tura, a riƙe har ya kumbura, sannan a ɗora murfin kunne mai lantarki da ke barin magana ta shiga. Murfin farko da aka gwada wa ƙaramin mai kauri ne, ƙota na ɗaga shi idan ya kwantar da kunci, iska na shiga. An ba shi siriri. Tabarau dole ne.

Zama. An saba cewa mafarauci ya jingina da bishiya mai faɗin da ya fi kafaɗunsa, don kariya daga harbin wani ta baya. Haka ne, amma akwai tarko: idan kafaɗar harbi ta manne da bishiya, jiki ba shi da wurin ja baya, kafaɗa ta shiga tsakanin guduma da maƙera. An zaunar da su gindin baya na taɓa bishiya, ƙirji ya sunkuyo gaba, tazarar tafin hannu tsakanin kafaɗa da itace, jiki a karkace kaɗan, gindin bindiga a lungun kafaɗa ƙasa da ƙashin da ya haɗa wuya da kafaɗa, hannu na jan ta ciki sosai. Bindigar da aka riƙe sako-sako gudu take samu kafin ta iso.

Kowa ya fara da danna kunama sau goma a kan harsashin roba mara albarushi, sannan harbi biyar da harsashi mai laushi a kan hoton kan talotalo a yadi 20, ana saita inda gashin wuya ya haɗu da jar fata. Biyar kawai. An duba kafaɗu bayan an gama, babu ja, babu kumburi. A .410 babba ne ke jan gudumar baya, domin babban yatsan ɗan shekara 9 ba ya iya sauke ta lafiya idan tsuntsu ya fasa zuwa.

Asabar, 29 ga Maris

Ɗan shekara 13 yana harbi ƙasa da hagu, ba kullum ba. Shi kaɗai ne ya taɓa harba geji 12 a baya. An yi masa gwajin ɓoye: babba na ɗura bindiga a bayansa, wani lokaci harsashi na gaske, wani lokaci na roba, bai san wanne ba. Da kunama ta faɗa a kan na roba, kowa ya gani: ido ya runtse, kafaɗa ta tura gaba, baki ya nutse kusan inci biyu. Zabura ce, jiki na tare bugun tun bai zo ba. Shi kansa sai a lokacin ya yarda.

Magani ba ƙarin harbi ba ne. An mai da shi kan ƙaramar bindiga .22, wadda kusan ba ta shuri, mai irin saitin, harbi ashirin, sannan geji 20 da na roba huɗu a cikin kowane biyar. An ce ya riƙa faɗin inda ɗigo yake a lokacin da bindiga ta tashi. Wanda ya rufe ido ba zai iya faɗa ba. Zuwa ƙarshen zama bakin ya daina nutsewa a kan na roba. Zai ci gaba da danna kunama a kan na roba sau goma kullum a gida, a gaban babba, babu harsashi na gaske a ɗakin.

An auna kunamar geji 20, fam 6 take buƙata. Ga yatsan yarinyar da nauyi, tana jan baki gefe kafin ta faɗa. Ba a taɓa ta da magogi ba. An gyara riƙo ne, tsokar gaɓar farko ta yatsa a kan kunama, ja a miƙe. Idan bai wadatar ba, sai maƙerin bindiga bayan lokacin farauta.

Ƙafa uku mai maƙalli ita ma ta ba da darasi. An matse hannun famfo da ƙarfi, da bindiga ta tashi sai ƙafar gaba ta ɗaga, taron ƙwayoyi ya sauka sama da inda aka saita. An sassauta maƙalli ya zama tallafi kawai, bindiga na iya zamewa baya, an juya ƙafa biyu gaba ɗaya baya wajen gwiwar yaro. Taron ya dawo wurinsa.

Asabar, 5 ga Afrilu

Kowane yaro ya harba harsashin farauta guda ɗaya a yadi 30, a zaune, cikin kayan farauta, a kan ƙafa uku. An cusa shi ne tsakanin na atisaye ba tare da sanarwa ba. Dalilin harbin shi ne riƙon yaro ba na babba ba ne, jiki mara nauyi ya fi barin baki ya tashi, saiti na iya bambanta. Na yarinyar ya sauka inci biyu sama. An sauke ɗigo gwargwadon haka, aka rubuta adadin dannawar a salatif a jikin ƙota, domin idan aka sa farantin inci ɗaya don babban sai a mayar. Shi nasa ya zauna daidai. Na ƙaramin a .410 ma haka. Yarinyar ta ce wannan ya fi ƙara, ba ta ce ya fi zafi ba.

An duba sukurorin madauri da alamar fenti da aka ɗiga musu, babu wanda ya motsa. An gwada sandar da ke cikin rumbun geji 20 don rage yawan harsashin da yake ɗauka, biyu kawai yake ci, na uku ya ƙi shiga, ko da yake ɗaya za a riƙa ɗurawa. Soson doron ƙotar .410 ya fara zamewa hagu, gam ɗinsa bai son sanyi. Za a sake manna shi da salatif mai fuska biyu na waje ranar Talata. Saura sabon batir a saiti biyu da murfin kunne, a auna yadi 20 da 30 daga wurin zama a kafa tsinke a kowanne ranar Juma'a da yamma, sannan babban yaron ya sake gwajin ɓoye sau ɗaya ranar Alhamis. Idan bakin ya nutse, .410 zai karɓa ranar Lahadi bayan ƙaramin ya gama da ita ranar Asabar, a sa mata farantin tsawo.